Yadda Ake Ɗaukar Tukwanen Gargajiya na Yukiren Zuwa Baje Kolin Intanet

A ƙarshen watan Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan da fara mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren, wuta ta cinye ƙaramin gidan tarihin garin Ivankiv, arewa da birnin Kyiv, inda ake ajiye zane-zanen Mariya Prymachenko, fitacciyar mai zanen gargajiya ta Yukiren. Mutanen gari sun yi ta maza sun fitar da wasu. Bayan wata takwas, sojojin Rasha da ke shirin janyewa daga Kherson suka kwashe ayyuka sama da 10,000 daga gidan adana zane-zanen birnin. Ma'aikatan gidan sun ci gaba da gane kayansu ɗaya bayan ɗaya a cikin hotunan da ke fitowa daga Kirimiya, yankin da ke hannun Rasha, kuma abin da ya ba su bakin cewa "wannan namu ne" shi ne rajista da hotunan da suka riga suka tanada.

Tukunya ta fi zane rauni. Ba a naɗe ta a soke a jaka, kuma girgizar bam da ya faɗi a wata unguwa ta isa ta turo ta daga kanta. Shi ya sa na ga ya kamata a shimfiɗa yadda ake yi wa tukwane rajista da hoto, a kai su intanet, tun daga tushe. Matsayina a kansa guda ne: siffar 3D mai juyawa a allo ita ce mataki na ƙarshe, ba na farko ba. In ba a san wa ya gina tukunyar ba, a ina, girmanta nawa, ainihin launinta wane ne, to abin da aka samu kayan kallo ne kawai, ba zai tsaya shaida a kotu ba, ba zai kuma amfani mai bincike ba.

Ka fara sanin abin da ke gabanka

Tukwanen Yukiren ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da matsalar da zai kawo wa kyamara.

Na Kosiv, a yankin duwatsun Karpat inda al'ummar Hutsul suke, ana gina su da yumɓu, a lulluɓe da farar ƙasa mai ruwa-ruwa, in ta sha iska a zana hoto a kanta da tsinken ƙarfe, a gasa, a sa launi, a shafa ruwan gilas, a sake gasawa. Launukansu kore ne da ɗorawa da ruwan ƙasa. A cikin wuta koren yakan narke ya ɗan zubo ya ƙetare layin zanen, kuma masu sana'ar ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi, alamar Kosiv ce. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2019. Fitaccen magininsu na da, Oleksa Bakhmatiuk, wanda ya rayu daga 1820 zuwa 1882, ya yi suna da tayil ɗin murhun ɗumama ɗaki masu hotunan sojoji, mafarauta, makaɗa da keken doki.

Na Opishnia, a jihar Poltava, inda babban gidan tarihin ginin tukwane na ƙasar yake, sun shahara da butoci masu siffar rago da zaki, jikinsu cike da murɗaɗɗen gashi na yumɓu, da kuma kumanets, buta mai siffar zobe da rami a tsakiya. Na Havarechchyna a jihar Lviv baƙaƙe ne wuluk: hayaƙi ne ke rina su idan aka toshe matoyar, adonsu kuma layuka ne da aka goge da dutse mai santsi kafin gashi. Sai kayan masana'antar Vasylkiv, wadda butarta mai siffar zakara ta zama sananniya a duniya a watan Afrilun 2022, bayan an gan ta zaune lafiya lau a saman kabad ɗin kicin da ya maƙale a bangon wani bene da aka rusa a Borodianka. Ban da tukwane akwai zanen furanni na Petrykivka, wanda UNESCO ta karɓa a 2013, da ake yi a takarda, a bango da kuma jikin kayan katako.

Rajista da hoto na kowa, 3D na kaɗan

Gidan tarihi mai tukwane dubu ba zai iya yi wa kowace 3D ba, domin guda ɗaya takan ci yini tsakanin ɗauka da sarrafawa. Don haka a kasa aikin gida biyu. Kowane abu, komai ƙanƙantarsa, ya samu katin bayani da hotuna na yau da kullum. Bayan nan a ware waɗanda za a yi wa 3D: masu sa hannun magini ko shekara, waɗanda babu irinsu a wani wuri, waɗanda suka fara tsagewa, da waɗanda siffarsu ba ta fahimtuwa ta gefe ɗaya, kamar rago ko kumanets. Faranti mai shimfiɗaɗɗiyar fuska hoto biyu masu kyau sun wadatar da shi.

Katin bayani ba sai ka ƙirƙiro naka ba. Akwai ƙa'idar Object ID, wadda cibiyar Getty ta fitar a 1997, yanzu tana hannun ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya, kuma 'yan sanda da jami'an kwastan sun san ta. Tambayoyinta tara ne: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta wace hanya, awonsa, rubutu ko hatimin da ke jikinsa, alamomin da suka bambanta shi, sunansa, abin da aka zana, zamaninsa, da maƙerinsa. A cikinsu wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce ta alamomi, alhali ita ce mafi amfani. Butocin zakara na Vasylkiv da yawa suka fito daga masana'anta ɗaya. Abin da zai nuna cewa wannan ta wane gida ce shi ne ɓallin da ke bakinta, tsagar da ke gindin mariƙinta, da inda launi ya zubo. A rubuta su, a auna, a ɗauke su kusa-kusa.

Sunayen wurare ma suna son kulawa. Tsofaffin katuna an rubuta su ne da harshen wanda ke mulki a lokacin: Kosiv tana ƙarƙashin daular Ostiriya a zamanin Bakhmatiuk, ta koma hannun Poland tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, sannan Tarayyar Sobiyet. Za ka tarar da gari ɗaya da rubutu uku. Ka kwafe abin da ke tsohon katin yadda yake a gurbinsa na daban, amma sunan da zai fito ga jama'a ya zama na harshen Yukiren, a mayar da shi haruffan boko bisa tsarin da gwamnatin ƙasar ta tsayar a 2010. Sunan fayil kuma ya fara da lambar rajistar abin, da haruffan boko zalla, babu tazara.

Ɗaukar tukunya da hannu

Kada a taɓa ɗaga ta ta mariƙi, ko ta baki, ko ta ƙahon rago. Sau da yawa a nan ne tsohon gyaran gam yake, kuma ba ya ganuwa. Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefe, murfi a cire a kai shi daban. Safar hannu ta auduga tana santsi a jikin gilas, ta roba mai kama fata ta fi. Tsohon shafen gilas na gargajiya yakan ƙunshi dalma, saboda haka babu ci babu sha a teburin aiki, kuma a wanke hannu in an tashi. Ƙura a kaɗe ta da burushi mai laushi, ban da ruwa.

Akwai wata hoda da ake fesa wa abu mai ƙyalli don na'ura ta gan shi sosai, har da irin wadda aka ce tana ɓacewa da kanta. A masana'anta tana da amfani. A jikin tukunyar gidan tarihi ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin tsohon gilas cike yake da tsagogi sirara, ƙasan kuma yumɓu ne mai shan abu.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba ya fara gwada hannunsa a kan kwanon tangaran na kasuwa da tulun gida, har sai ya fitar da siffa mai kyau daga kowanne, kafin a ba shi kayan da ba su da madadi.

Hotunan rajista

Kyamara mai canza gilashi, ko da tsohuwa ce, da gilashi na milimita 50 ko 60, da mariƙi mai ƙafa uku, da fitilu biyu iri ɗaya da aka tausasa haskensu da farin ƙyalle. Bango ya zama ruwan toka. A kashe fitilar ɗaki, a rufe taga, domin haske iri biyu yana ɓata launi. A sa komai a saitin hannu: ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, a ɗauka a tsarin RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), a yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓa maɓalli ya girgiza hoton.

Hoton farko na kowane abu ya ƙunshi katin launuka irin ColorChecker, da ma'aunin santimita, da lambar rajista. Da wannan katin ne za a daidaita launi a kwamfuta, kuma a tukwanen Kosiv ba abin wasa ba ne, tunda irin koren da irin ɗorawar suna cikin abin da masana ke dubawa wajen bambance zamani da hannu. Bayan nan a ɗauki gaba, baya, gefe biyu, sama, da ƙasa. Ƙasan nan shi ne wanda mai ziyarar gidan tarihi ba ya taɓa gani, kuma a nan ake samun hatimi, sa hannu, tsohuwar lamba, sawun zaren da aka yanke ta da shi daga kan faifan gini, da ainihin launin yumɓun. Tayil ma a juya bayansa. In murhu ne cikakke, a zana taswirar inda kowane tayil yake zaune kafin a shiga ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, don jerinsu ɓangare ne na aikin.

Zanen Petrykivka na takarda hanyarsa daban: a kwantar da shi, kyamara ta dube shi daga sama a miƙe, fitilu biyu a gefe da gefe a karkace da digiri 45, a nemi aƙalla ɗigo 400 a kowane inci don sawun burushi da na yatsa su fito.

Fotogirametiri, da yaƙi da ƙyalli

Dabarar ita ce a ɗauki abu hotuna masu yawa ta kowane gefe, manhaja ta nemo ɗigon da ya bayyana a hotuna da dama, ta lissafa inda yake a sarari. A ɗora tukunyar a tsakiyar faifai mai juyawa, a shimfiɗa takarda mai alamomi a ƙarƙashinta, a ajiye sandunan awo biyu da aka san tsawonsu daidai. A juya digiri 10, a ɗauka, a sake juyawa: hoto 36 ke nan a zagaye ɗaya. A yi zagaye uku, ɗaya daidai da cikinta, ɗaya daga ɗan sama, ɗaya daga sama sosai yana leƙa baki. Kowane hoto ya haɗa kusan kashi biyu cikin uku na abin da na bayansa ya gani. Sai a kifa ta ko a kwantar da ita a kan zoben soso, a maimaita. Kumanets da rago suna buƙatar ƙarin hotuna na cikin rami, tsakanin ƙafafu da bayan mariƙi. Kada a taɓa zuƙowa ko nisantawa da gilashi a tsakiyar aiki.

Ƙyalli shi ne babban abokin gaba. Walƙiyar fitila a jikin gilas ba ta zama wuri ɗaya, tana tafiya idan tukunya ta juya, manhaja kuma sai ta ɗauke ta a matsayin wani abu na jikin tukunyar, ta fitar da ƙuraje da ramuka inda babu su. Maganinsa matatar haske biyu: leda ta musamman a gaban kowace fitila, duk suna fuskantar ɓangare ɗaya, da matatar CPL, wato mai kashe ƙyalli da ake murɗawa, a bakin gilashin kyamara. A riƙa murɗa ta kyamarar a hankali har walƙiyar ta mutu. Hoton zai yi duhu, a rama da tsawaita lokacin ɗauka, ba da ƙara ISO ba.

Sai dai a nan akwai tarko. Idan aka kashe ƙyalli, butar Opishnia takan fito kamar ba a taɓa shafa mata gilas ba, saboda haka dole a mayar mata da shi daga baya a manhaja, ana duban hotunan rajista don kada a zarce. A baƙaƙen tukwanen Havarechchyna kuwa abin ya fi haka muni, domin adonsu gaba ɗaya bambanci ne tsakanin inda aka goge da inda ba a goge ba. Ka kashe ƙyalli, ka shafe adon. Irin waɗannan a ɗauke su sau biyu daga wuri ɗaya, da matata a rufe da kuma a buɗe: na farko ya ba da siffa, na biyu ya nuna inda santsi yake. A ƙara da ɗan gajeren bidiyo na tukunyar tana juyawa a gaban fitila ɗaya, wanda a ganina yakan fi kowace siffar 3D nuna gaskiyar wannan baƙin yumɓu.

Don layukan da aka zana da tsinke a tayil ɗin Kosiv, ko hatimin da ya dushe, akwai dabarar RTI: kyamara da abin ba sa motsi, fitila ce ke zagayawa, a ɗauki hotuna kamar arba'in zuwa sittin da ƙaramar baƙar ƙwallo mai ƙyalli a gefe, wadda ke nuna wa manhaja daga ina haske ya zo. Mai kallo zai iya jan hasken da yatsa ya ga zurfin layi da inda tsinken ya fara.

Wayar hannu tana da gurbinta. Shirin Backup Ukraine, wanda aka fara a watan Afrilun 2022 da manhajar Polycam da haɗin gwiwar hukumomin al'adu na Danmak, ya dogara ne da wayoyin jama'a. In lokaci ya ƙure, siffar waya ta fi babu. In akwai sarari, kyamara ta fi ta nesa ba kusa ba a kan ƙananan abubuwa masu ƙyalli.

A kwamfuta

A gyara launin duk hotunan da saiti guda, wanda aka samo daga katin launuka. Manhajojin da aka fi amfani da su uku ne. RealityCapture, wadda yanzu ake kira RealityScan, kyauta ce tun 2024 ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Meshroom kyauta ce ga kowa, sai dai tana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia. Metashape tana da kyau ƙwarai, amma kamfanin da ya yi ta na birnin Saint Petersburg ne a Rasha, kuma wannan magana ce da ya kamata a bar wa gidan tarihin ya yanke, ba baƙon da ya zo taimako ba.

A rufe bangon hotuna don manhaja ta ga tukunyar kaɗai, a haɗa rukunin sama da na ƙasa, a shigar da tsawon sandunan awo, sannan a auna tsayin siffar a gwada da wanda aka auna da hannu. In sun saɓa da fiye da milimita ɗaya ko biyu, a koma baya. Cikin buta mai siririn wuya kyamara ba ta kai wa, kuma manhaja za ta toshe wurin da ƙirƙirarren bango. Babu laifi, muddin an rubuta cewa an yi hakan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne cike ɓalli ko share tsaga don siffa ta yi kyau.

Daga nan fayil ya rabu biyu. Na ajiya shi ne cikakke, a tsarin OBJ ko PLY, tare da hotunan RAW da na TIFF da takardar da ke faɗin wa ya ɗauka, yaushe, da wace kyamara, da wace manhaja, da abin da aka taɓa da hannu. Na intanet kuma a rage shi a manhajar Blender zuwa ƙananan fuskokin da ke haɗa siffar kamar dubu ɗari, a ɗora masa ƙananan bayanan babban a matsayin hoto, a fitar da shi a tsarin GLB wanda bai wuce megabait 10 zuwa 15 ba.

Ajiya da tsaro

Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. A Yukiren nisan nan yana nufin wajen ƙasar, kuma wannan ne darasin ƙungiyar sa kai ta SUCHO, wadda tun farkon yaƙin ta shiga kwafe shafukan intanet na gidajen tarihi da ɗakunan karatu kafin sabobinsu su mutu. A yi wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Tun watan Oktoban 2022 ake kai wa tashoshin lantarki hari, don haka a tanadi batura, a kwafe katin kyamara bayan kowace tukunya, kada a bari sai yamma.

Kafin a saki kowane hoto a goge bayanan wurin da kyamara ko waya ke liƙa masa. Kada taga, ƙofa, akwati ko lambar ɗaki su fito a bango. Inda aka ɓoye kaya sirri ne na gidan tarihin, kuma jerin abin da aka kwashe zuwa ina ba ya hawa intanet ko da a rufaffen shafi.

Haƙƙin mallaka ma yana nan. A dokar Yukiren yana ɗaukar tsawon ran mai aiki da shekara 70 bayan rasuwarsa. Prymachenko ta rasu a 1997, ke nan ayyukanta suna ƙarƙashin kariya, haka ma na maginan Kosiv da Opishnia da suke raye ko suka rasu a baya-bayan nan. A nemi izininsu ko na magadansu a rubuce, a kuma bayyana musu cewa siffar da aka bari a sauke ana iya buga ta a yi mazubi da ita. Wanda sana'ar ce abincinsa yana da ikon cewa a nuna amma kada a sauke.

Haɗa baje kolin

Ga ƙaramin gida, manhajar Omeka S ta isa ta riƙe katunan bayani da shafuka, a saka siffofin ta manhajojin nuna 3D irin su Sketchfab, ko 3DHOP, ko Voyager na cibiyar Smithsonian in ana son komai ya zauna a sabar gida. Hotuna a fitar da su ta tsarin IIIF don a iya zuƙowa sosai, kuma in bayanan sun tsaru ana iya miƙa su ga Europeana, rumbun kayan al'adun Turai na intanet, ta hannun cibiyoyin da ke tattara mata.

Ba na goyon bayan gina ɗakin bogi da mai kallo zai riƙa yawo a ciki da kibiyoyi. Yana da nauyi, yana gajiyarwa a waya, kuma tukunyar takan koma ƙaramin abu a lungu. Gara a zaɓi abu goma sha biyu ko ashirin a kan zance ɗaya: murhun Kosiv guda da labarin kowane tayil, ko ragon Opishnia a hannun magina daban-daban, ko kayan teburin biki. Kowane shafi ya buɗe da hoto, siffar 3D ta jira sai an taɓa ta. A sa alamomi uku ko huɗu a jikinta, a kan sa hannu, a kan inda kore ya zubo, a kan gyara. A rubuta awo a fili, a sa hoton abin a hannun mutum, domin a allo usur ɗin yumɓu na yara da babbar randa girmansu ɗaya. In maginin yana raye, muryarsa ta minti ɗaya yana bayanin yadda yake riƙe tsinke ta fi dogon rubutu. Bayani ya zo da harshen Yukiren tukuna, sannan sauran harsuna, tare da kwatancen hoto ga makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Kafin buɗewa a gwada shafin a ƙaramar waya mai arha da intanet mai rauni, a ga ko siffar tana buɗewa cikin daƙiƙa goma. A kuma tura shi ga masu sana'ar a Kosiv ko Opishnia su duba sunaye da zamani, a bar adireshin da jama'a za su aiko da gyara a ƙasan kowane shafi, a sa mutum ɗaya ya riƙa shigar da gyaran cikin katin rajista da kwanan wata da sunan wanda ya tabbatar da shi.